Canjin fulogi a tsohuwar Corolla: hannu kafin sifana

Motar Toyota Corolla ce ƙirar 2005, injinta 1ZZ-FE, silinda huɗu, lita 1.8. Daga Amurka aka shigo da ita, saboda haka agogonta mil yake ƙirgawa ba kilomita ba, kuma wannan yana da muhimmanci idan an zo lissafin lokacin canjin fulogi. Alamomin da ta nuna ba baƙi ba ne: da safe kik yakan ɗan ja kafin inji ya kama, a silo sitiyari yana karkarwa, idan aka taka totur a hawa sai ta yi fizga biyu ko uku kafin ta miƙe, ga shan mai ya ƙaru. Fitilar cek ta kunnu ta tsaya. Da na jona na'urar karanta laifi sai ta ba da P0303, wato silinda ta uku tana mis. Lamba ta ƙarshe ita ce silindar: P0301 ta ɗaya, P0304 ta huɗu, P0300 kuwa mis ɗin yawo yake yi, bai zauna wuri guda ba.

Wannan lamba ba ta ce fulogi ne mai laifi ba. Cewa ta yi silinda ta uku ba ta ƙona mai yadda ya kamata, kuma koyil (mai ba fulogi wuta) ko nozul (mai fesa mai) ko raunin matsi a cikin silinda duk suna iya jawo haka. A wannan inji kowane fulogi da koyil ɗinsa a zaune a kansa, babu dilko mai rarraba wuta, babu dogayen wayoyi. Don haka kafin in sayi komai sai na musanya koyil na uku da na biyu, na goge lambar, na zaga da motar kamar minti goma sha biyar. Da laifin koyil ne, da lambar ta bi shi ta koma P0302. Ba ta bi shi ba, P0303 ta sake dawowa. Gwajin kyauta ne, ya kuma hana ni sayen koyil da ba na bukata. Abu ɗaya da ba a wasa da shi: idan fitilar cek ƙiftawa take yi maimakon ta tsaya cak, man da bai ƙone ba ne yake zuba cikin salansa, yana dafa katalis ɗin nan da kanikawa ke kira indomi. A nan ajiye mota ake yi, ba a ci gaba da tafiya.

Sayen fulogi shi ne wurin da na fi ɓata lokaci, kuma ban yi da-na-sani ba. Na wannan mota Denso SK16R11 ne ko NGK IFR5A11, dukkansu masu bakin iridiyam. Harufan nan ba ado ba ne. A na Denso, 16 matakin zafin fulogin ne, R na nufin akwai resisto a ciki da ke hana tartsatsi damun rediyo da kwamfutar mota, 11 kuma tazarar baki ce, milimita 1.1. A na NGK matakin zafin shi ne 5, daidai yake da 16 na Denso. A wajen kamfanonin biyu, ƙaruwar lamba na nufin fulogi mai saurin fitar da zafi, wato wanda ya fi sanyi. Wanda ya fi sanyi fiye da kima ba ya kai zafin da zai ƙone ƙunar da ke taruwa a bakinsa, sai ya yi baƙi ya daina ba da wuta. Wanda ya fi zafi kuma bakinsa na iya yin jawur ya kunna mai tun lokaci bai yi ba, abin da ke huda fistin ke nan. Kaurin tiredinsa, wato zaren ƙarfen da ake murzawa cikin rami, milimita 14, tsawonsa 19. Gajere zai buya cikin rami, ƙuna ta toshe sauran tiredin kan inji. Dogo kuma zai leƙa cikin silinda fiye da yadda aka tsara. Shi ya sa “ai duk yana shiga” ba hujja ba ce.

Akwai na talaka, Denso K16R-U11, mai bakin nikel. Yana aiki lafiya a injin, sai dai rayuwarsa wajen mil 30,000 ce, kusan kilomita 48,000, alhali jadawalin Toyota na Amurka ya ba na iridiyam mil 120,000, kusan kilomita 192,000. Ni dai ba na jiran wannan adadi a motar da ke yini cikin cunkoso da ƙura, tana kuma shan man da ba kullum ake sanin ingancinsa ba, domin awoyin da inji ke yi a silo agogo ba ya ƙirga su. A ganina na nikel na gaske ya fi na iridiyam na jabu nesa ba kusa ba, kuma jabun ya yi yawa a kasuwa. Na duba huɗun da na saya ɗaya bayan ɗaya. Tsinken tsakiya na iridiyam siriri ne ƙwarai, bai kai milimita ɗaya ba, kamar bakin allura. Rubutun jikin farin tangaran ya fito tsaf, ba ya gogewa da farce. Zoben ƙarfen da ke gindin tiredi, wato washa, yana juyawa amma ba ya zamewa ya faɗo. Tiredin sumul, babu ƙaiƙayin ƙarfe. Sannan na ɗora mitar awon lantarki tsakanin kan fulogi da tsinken, kowanne ya ba da kusan om 5,000, babu wanda ya yi nisa da 'yan'uwansa. Idan farashi ya yi arha fiye da hankali, wannan ma shaida ce.

Kayan aikin ba su da yawa: soket na fulogi mai lamba 16, wanda ke da roba ko maganaɗisu a ciki don ya riƙo fulogin, sandar ƙari mai tsawon kamar santimita 15, domin ramin yana da zurfi, hannun soket, soket lamba 10, sifana mai awon ƙarfin ɗauri, ma'aunin tazara, guntun tiyon roba kamar taƙi ɗaya wanda kan fulogi zai shige shi ya kama, tocila, tsumma mai tsabta, da famfon iska. Na kuma tanadi kwali na huda shi huɗu, na rubuta 1 zuwa 4.

Sai na bar motar ta kwana. Wannan shi ne sharaɗi na farko. Kan injin alminiyam ne, fulogi kuwa ƙarfe ne da ya fi shi tauri. Idan aka murɗa da zafi, tiredin alminiyam ɗin kan biyo fulogi ya fito, kuma ɗaurin da aka yi a inji mai zafi ba ya zama daidai bayan ya huce. In ba a iya jira har safe ba, a bari sai an iya ɗora tafin hannu a kan inji a bar shi ba tare da an janye ba. Ban cire kan batir ba, na dai zare makulli na sa a aljihu. Idan makulli na waje babu wuta a koyil, cire batir kuma yana goge abin da kwamfuta ta koya game da silo, motar ta yi kwana ɗaya ko biyu tana laluben kanta.

Baƙin murfin robar da ke saman inji notuna biyu ne masu lamba 10 ke riƙe da shi ta gaba, da maƙalai biyu na roba ta baya. Ana ɗage shi koyil huɗu suka bayyana a jere. Silinda ta ɗaya ita ce ta ɓangaren bel, wato hagunka idan kana tsaye a gaban mota, ta huɗu kuma tana ɓangaren giya. Kowane koyil yana da soket ɗin waya mai baki huɗu da ɗan harshen roba da ake dannawa. Shekara ashirin na zafi ta mayar da harsunan nan kamar busasshen kara. Dabarar ita ce ka fara tura soket ɗin ciki kaɗan don nauyi ya sauka daga kan harshen, sannan ka danna da babban yatsa, ka ja jikin soket ɗin, ba wayar ba. Wanda ya sa sukudireba ya ɓanɓara, to zai ji ƙas. Idan ya riga ya karye ba a jefar da koyil, ana samun gidan soket ɗin daban, kafin nan kuma ɗaurin roba mai zugewa yana riƙe shi. Barin sa sakaka ne matsala, girgiza za ta riƙa raba shi da koyil, mis ɗin ya dawo a ce fulogi ne.

Damin wayoyin yana kwance a gefen koyil, notuna biyu ke riƙe da shi. Na kwance su don ya ɗan ɗaga, in ba haka ba koyil ba ya samun hanyar fitowa a miƙe. Kowane koyil noti ɗaya ne lamba 10. Na murza shi hagu da dama kaɗan don robarsa ta saki tangaran, sannan na zaro shi sama. Na jera su bisa tsumma yadda suka fito.

Nan ne mutane ke gaggawa, nan ne kuma bai kamata ba. Na haska tocila cikin ramukan huɗu. A gindin kowane fulogi akwai ƙura da 'yan tsakuwoyi ƙanana, abin da hunturu bayan hunturu ya tara. Da zarar fulogi ya fita, ramin nan ƙofa ce kai tsaye zuwa cikin silinda, duk abin da ke wurin kan fistin zai faɗa, yashi kuma shi ne ke kankare bangon silinda da zobba. Na busa iska sosai tun fulogi na ɗaure. Bayan na sassauta kowanne da zagaye ɗaya na sake busawa, domin sassautawar kan ɓamɓaro dattin da ya manne a gindi. Wanda ba shi da kwamfireso, famfon keke da siririn tiyo ya wadatar. Busawa da baki ta tiyo kuwa ƙurar ido take komawa.

Rami na huɗu ya zo da nasa labari: baƙin mai kwance a gindi, kamar cokali ɗaya, robar koyil ɗin ma ta jiƙe. Wannan ba daga cikin silinda yake ba. Gaskit ɗin murfin bawul ne ya bushe, a wannan inji kuma zobban da ke kewaye da ramukan fulogi haɗe suke da gaskit ɗin, abu guda ne. Na naɗa tsumma a dogon sukudireba na tsane man tas kafin in taɓa fulogin. Da na bar shi, da ya gangara cikin silinda, motar ta tashi da shuɗin hayaƙi, ya kuma shafe bakin tsohon fulogin har in kasa gane halin da yake ciki.

Ɗaya bayan ɗaya na yi aikin: a cire tsoho, a sa sabo, a ɗaure, sannan a matsa gaba. Ta haka rami ɗaya ne kawai ke buɗe a kowane lokaci, noti ko washa ba su da inda za su faɗa. Na zura soket har na ji ya zauna a kan fulogi sosai, na dafa kan hannun soket da hagu don sandar ta tsaya a miƙe, na ja da dama zuwa hagu, ja mai nauyi ba fizga ba. Idan sandar ta karkata, soket yana danne tangaran ya tsage shi, gutsattsarinsa su zube a rami. Na ɗaya, na biyu da na huɗu sun saki da 'yar ƙara, daga nan yatsu suka ƙarasa.

Na uku ya yi gardama. Ya motsa kamar kwatan zagaye sai ya cije. A irin wannan wuri ƙara ƙarfi shi ne kuskure, domin cijewar na nufin ƙuna ta taru a ƙarshen tiredin, ko alminiyam ya fara mannewa da ƙarfe. Na tsaya, na ɗiga man sassauta tsatsa kaɗan ya bi gefen fulogin, na ba shi minti ashirin. Sai na mayar da shi ciki kwatan zagaye, na fito da shi rabi, na sake mayarwa, na sake fitowa. A kowane zuwa da dawowa yana ƙara sakewa, bayan zagaye uku ya saki gaba ɗaya. Na duba tiredinsa a haske: baƙar ƙuna ce kawai, babu farin ɓarɓashin alminiyam. Da na ga ɓarɓashi, da ban sa sabo ba sai an bi ramin da abin gyaran tiredi mai awon M14 da tazarar 1.25, an shafa masa giris don ya kama ɓarɓashin. Idan kuwa tiredin ya tafi gaba ɗaya, sai an dasa sabon hannun riga na ƙarfe a ramin, aikin da ya fi ƙarfin gindin bishiya, wani lokaci ma sai an sauke kan inji.

Da huɗun suka jeru a kwali sai dalilin P0303 ya fito fili. Na ɗaya, na biyu da na huɗu iridiyam ne, bakinsu ruwan toka mai ɗan ja-ja, launin da ake so ke nan. Tazararsu ta buɗe zuwa wajen milimita 1.3, iyakar da Toyota ta yarda tsohon fulogi ya kai. Na uku kuwa ba ɗan gidan ba ne. Na nikel ne, wani ya taɓa canja guda ɗaya tak ya bar sauran. Tsinkensa ya cinye ya zama kamar kan ashana, ƙugiyar gefe ta sirance, tazarar ta haura 1.6. Tartsatsi ya fi son tashi daga baki mai kaifi, kuma duk ƙarin tazara ƙarin ƙarfin wuta yake nema daga koyil. A silo yana iya tsallakawa da ƙyar, amma idan aka taka totur matsin cikin silinda ya ƙaru, sai wutar ta gaza. Fizgar da ake ji a hawa ke nan. Irin wannan fulogi ne ke kashe koyil a hankali, don wutar da ta rasa hanya ta gaba takan huda rufin koyil ɗin ta nemi wata.

Tsohon fulogi ba a jefar da shi sai an karanta shi, domin shi kaɗai ne ya ga cikin silinda. Baƙi busasshe kamar gawayi na nufin mai ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan: matatar iska ta toshe, nozul na ɗiga, ko kuma motar gajerun tafiye-tafiye kawai take yi, ba ta yin zafi sosai. Baƙi mai maiƙo a baki, inji ne ke shan baƙin mai ta zobban fistin ko ta robobin bawul, kuma 1ZZ-FE na shekarun farko an san shi da wannan hali, zobban mai kan cije a jikin fistin. A bambanta shi da man da ke saman tiredi da jikin tangaran, wanda daga gaskit yake zubowa. Fari fat mai ƙuraje ko narkakken baki, zafi ya wuce kima: mai ya yi kaɗan, iska na shiga ta ɓaraka, ko matakin zafin fulogin ba daidai ba. Idan ɗaya ya fita tas kamar an wanke shi alhali sauran na da launi, ruwan lagireto ne ke shiga wannan silinda, a nemi gaskit ɗin kan inji.

Abu biyu a jikin tangaran na waje suna rikita mutane. Zoben nan ruwan ƙasa da ke fitowa daidai inda tangaran ya haɗu da ƙarfe, da yawa suna cewa fulogi na fitar da iska ne. Ba haka ba ne, ƙurar mai ce wutar lantarki ke janyowa ta manne, ba ta da illa. Wanda ke da illa shi ne siririn baƙin layi mai gangarowa daga sama zuwa ƙasa kamar an ja shi da fensir, wanda ba ya gogewa. Hanya ce wuta ta ƙona wa kanta ta waje, kuma takwaransa na nan a cikin robar koyil. Idan aka sa sabon fulogi da tsohuwar robar, ba a jimawa layin zai sake fitowa. Na leƙa cikin robobin huɗu da tocila, babu layi, babu tsagewa. Ta huɗun na goge mata mai, na matsa ta na ji ba ta kumbura ta yi laushi ba, ta koma aiki.

Sababbin na auna tazararsu, ba don in gyara ba, don in tabbata babu wanda ya faɗi ƙasa a hanya ƙugiyarsa ta lanƙwashe. Tsakanin 1.0 da 1.1 ake nema. Ma'aunin ya shige da sauƙi, ba a tura shi da ƙarfi, domin tsinken iridiyam tauri gare shi amma saurin karyewa. Ba a ƙwanƙwasa shi a kan dutse don rage tazara, ba a kuma sa masa sanfefa ko burushin waya. Wannan al'ada ta wanke fulogi da fetur a kankare shi ta zamanin kafireto ce da fulogan nikel masu kauri. A na iridiyam kankarewar ita ce ke cire abin da ka biya kuɗi dominsa.

Ban shafa komai a tiredin ba, ba giris, ba baƙin mai. Fulogan Denso da NGK suna zuwa da rufin da ke hana su mannewa, kamfanonin biyu kuma sun hana shafa wani abu. Maiƙo yana rage gogayya, sai ka ɗaure fiye da kima alhali sifana na nuna daidai.

Yanzu ga wurin da aikin gaba ɗaya ya rataya. Na cusa kan sabon fulogi cikin guntun tiyon nan, na saukar da shi a hankali har ya taɓa bakin ramin. Ba a sakin fulogi ya faɗa da kansa, ƙugiyar ce za ta bugu tazarar ta rufe. Na fara murzawa baya, zuwa hagu, har na ji ɗan ƙis, alamar farkon tiredin fulogi ya faɗa farkon na ramin. Sannan na juya dama da yatsu biyu. Amfanin tiyon shi ne ba shi da ƙarfin yin ɓarna: idan fulogi ya hau a karkace, tiyon zamewa zai yi maimakon ya yanka sabon tiredi a alminiyam. Sandar soket ma tana yi idan ba a sa mata hannun soket ba, amma tiyo ya fi faɗin gaskiya. Fulogin da ya hau daidai yana tafiya sumul fiye da zagaye goma sha biyu kafin washa ta taɓa. Idan ya tsaya a zagaye na biyu ko na uku, bai kai ba, ya karkace ne ko akwai datti. A fito da shi a sake. A rami na uku sai da na fito da shi sau biyu ina goge ƙunar da ya kwaso, a karo na uku ya sauka har ƙasa da yatsu.

Sai da washa ta zauna sannan ƙarfe ya shigo. Littafin gyaran wannan ƙira ya ba da Nm 25. Ba wani ƙarfi ba ne: kamar nauyin kilo 10 ne a ƙarshen hannu mai tsawon santimita 25. Na saita sifanar awo, na ja a hankali har ta yi ƙas sau ɗaya, na tsaya. Ba a ƙara na biyu “don tabbatarwa”. Wanda ba shi da wannan sifana sai ya bi lissafin zagaye: sabon fulogi mai washa, bayan ya tsaya da hannu, rabin zagaye ake ƙara masa. Za ka ji washar na lotsewa da laushi, sannan ta yi tauri, a nan ake tsayawa. Idan tsohon fulogi ake mayarwa, washarsa ta riga ta lotse, abin da ake ƙarawa bai wuce kashi ɗaya cikin takwas na zagaye ba. Rabin zagaye a kan tsohuwar washa shi ne yadda ake cin tiredi. Ɗauri fiye da kima yana kuma miƙar da jikin fulogin, ya ɓata hanyar da yake bi yana sauke zafi, wani lokaci ya karye ya bar rabinsa a ciki. Sakaka ma ba lafiya ba ne: fulogi ta mazauninsa yake miƙa zafi ga kan inji, in bai zauna ba zai yi zafi, iska ta riƙa tsiyaya tana ƙara kamar tsaki, a hankali ya ci tiredin har ya yi tsalle ya fito da koyil.

Wani ƙaramin abin haushi: bayan ɗauri, robar cikin soket kan kama fulogi ta riƙe, sandar ta zaro ta bar soket a rami. Naɗa ɗan salatif a mahaɗar sandar da soket tun farko yana magance shi.

Na mayar da kowane koyil, na danna har na ji robarsa ta hau kan fulogi, kunnensa ya kwanta a kan murfi ba tare da an tilasta shi ba. Notin koyil Nm 9 ne kacal, da yatsu ake kai shi sannan a ɗan taɓa shi da soket, don ramin da yake shiga ma alminiyam ne. Soket ɗin waya kowanne sai da ya yi ƙas. Na ɗaure damin wayoyi, amma ban mayar da baƙin murfin ba tukuna, na fi son in ga komai a buɗe lokacin tayarwa.

A motoci masu dilko da dogayen wayoyi, irin su Golf 3, aikin ɗaya ne sai abu biyu. Da yawansu fulogin babba ne, soket lamba 21 yake ci. Sannan wayoyin ba a cire su gaba ɗaya, ɗaya ake zarewa ta hanyar kama robar bakinta, a gama, a mayar, domin jerin wutar 1-3-4-2 ne, kuma waya biyu da suka musanya wuri sun isa su sa inji ya riƙa harbi ta salansa ko ya ƙi tashi.

Bugu ɗaya ta kama. Na bar ta a silo ina sauraro: babu tsaki daga ramuka, babu ƙas-ƙas na wuta mai tsalle, sitiyari ya daina karkarwa. Da ta tashi da rawa fiye da da, abin da zan fara dubawa soket ɗin koyil ne da bai shiga ba, kuma kwamfuta kan nuna shi da lamba tsakanin P0351 da P0354. Na goge tsohuwar lambar, na fita gwaji har inji ya yi zafi, na nemi hawa na taka totur daga ƙaramin gudu, inda fizgar ta saba fitowa. Ba ta fito ba. Da na dawo na sake jona na'ura, babu lamba, ko mai jiran tabbaci. Na mayar da murfi, na rubuta adadin mil da lambar fulogin a littafin mota. In aka cire jiran na uku, aikin bai kai awa ɗaya ba.

Rami na huɗu yana nan yana jiran gaskit. Wannan sai an ɗage murfin bawul gaba ɗaya, a kankare tsohon gam, a ɗiga sabo a wurare biyun da murfin sarka ya haɗu da kan inji, a ɗaure notunan daga tsakiya zuwa gefe. Kafin ranar, duk mako biyu ina zare koyil na huɗu in haska tocila, in man ya taru in tsane shi kafin ya kai ga robar.